Ashirin da Biyar Ɗin Malama Habiba

Malama Habiba Buba ta shekara shida tana koyar da fiziks a wata sakandaren 'yan mata da ke ƙasar Kiru. Ni Hausa nake koyarwa a makarantar har yau, sunana Fa'iza, kuma teburina yana jikin nata a ofishin malamai. Yawancin abin da zan faɗa a gabana ya faru. Wanda ban gani ba ita ta ba ni labarinsa.

A wata ruga da ke bayan Yako aka haife ta. Mahaifinta, Buba, yana da shanu, yana kuma noman dawa da 'yar shinkafa a fadama. Aikinta na farko a duniya korar tsuntsaye ne. Tun tana shekara shida ake ɗora ta a kan rumfar gona da majajjawa da tulin tsakuwa, ta wuni tana wurgi. Sai da ta kai shekara tara aka sa ta a firamare, ta fi kowa tsawo a ajin, ba ta kuma iya Hausa sosai ba, Fulatanci ne a bakinta. Ta ce mini a shekararta ta farko ba ta yi magana da kowa ba sai da lissafi, don shi ne ba ya yi mata dariya.

A sakandare ta haɗu da Malam Shitu, malamin fiziks. Dogon mutum ne mai tsafta, ba ya shiga aji sai da hula, ba ya kuma maimaita magana. Shi ya lura da ita. Da ta gama, Buba ya ce karatun ya isa haka, Kano ta yi nisa, innarta kuma tana bukatar mai taya ta tatsa da kai nono kasuwa. Malam Shitu ya hau babur ɗinsa ya je rugar. Sau uku yana zuwa, na ukun cikin damina, sai da ya bar babur ɗin a bakin rafi ya ƙarasa da ƙafa. A ranar Buba ya yarda ta tafi kwalejin horon malamai. Tun daga nan ba ta kiransa da komai sai Baba Malam, kuma ko a tsakiyar kasuwa ta gan shi sai ta durƙusa.

A kwalejin ne wani abu ya faru wanda ta riƙe a ranta shekara goma sha biyu ba ta faɗa wa kowa ba. A gwajinsu na farko aka kawo tambayar dutsen da aka jefa daga kan gini, aka ce su nemo gudun da zai bugi ƙasa da shi. Ta yi yadda Baba Malam ya koya musu, ta fito tana murna. Takarda ta dawo da jan layi a kan amsar. Ta bi malamin har ofishinsa ta ce kuskure aka yi mata. Mutumin bai yi fushi ba. Ya jawo takarda ya zana mata kibiya biyu, ɗaya ta nufi gaba, ɗaya ta nufi ƙasa, ya ce, "Ta ƙasa kika lissafa. Ina kika bar ta gaba?"

Ta koma ɗaki ta sake lissafin sau uku. Malamin kwaleji ne da gaskiya. Baba Malam ya koyar da su ba daidai ba, daga wani ɗan littafin amsoshi na kasuwa da yake yawo da shi a aljihu. Da ta dawo hutu ta je gaishe shi da niyyar ta faɗa masa. Ya tambaye ta karatu, ya sa aka kawo mata fura, ya riƙa nuna ta ga baƙinsa yana cewa ga 'yarsa. Ta sha furar ta tashi ba ta ce komai ba.

Da ta zama malama, wannan darasi ne ta fi ba wa muhimmanci. Makarantarmu ba ta da ɗakin gwaje-gwaje, amma tana da tankin ruwa a kan dogayen ƙarafa. Duk shekara sai ta tattare zaninta ta hau tsanin tankin da duwatsu biyu, 'yan mata suna tsaye a gefe. Ta saki ɗaya, ta jefa ɗayan gaba a lokaci guda. Tare suke isa ƙasa, amma wanda ta saki a nan gindin tanki yake faɗuwa, wanda ta jefa kuwa can nesa yake sauka a karkace, ya karce ƙasa ya yi gaba. Sai ta sauko ta ce, "Ƙasa ta ja su duka biyu daidai. Amma ɗaya yana da guzurin da hannuna ya ba shi, kuma bai yar da shi a hanya ba. Wadda ta manta da guzurin nan a jarrabawa, ni da ita ne."

Makarantu tara na yankinmu suna da wani kwamiti da suka kafa da kansu, wanda yake shirya wa masu shirin shiga ajin ƙarshe jarrabawar gwaji. Ɗalibai mata talatin da suka fi maki a kimiyya akan kai su wani horo na mako huɗu a bakin tafkin Bagauda lokacin dogon hutu, inda akwai kayan gwaji da ƙwararrun malamai. 'Yan matanmu suna son horon nan ƙwarai. A shekarar da nake magana, Malam Shitu ne shugaban ɓangaren kimiyya na kwamitin, shi ya tsara tambayoyin fiziks, shi ya rubuta takardar amsoshi da za a bi wajen ba da maki.

Ranar Asabar da safe muka taru a wata makaranta a Tudun Wada don duba takardu. Babban zaure ne guda, mu masu Hausa a gefen taga, masu kimiyya a tsakiya. Aka raba takardar amsoshi. Ina kallon Habiba ta karanta, ta tsaya a wuri ɗaya, ta daɗe ba ta juya shafi ba.

Tambaya ta bakwai ce, mai maki huɗu. An jefa dutse gaba, ba sama ba ba ƙasa ba, daga kan gini mai tsawon mita ashirin, da gudun mita goma sha biyar a sakan ɗaya. Da wane gudu zai bugi ƙasa? Takardar Malam Shitu ta ce ashirin.

Ba ta yi magana a cikin mutane ba. Ta jira ya fita baranda, ta bi shi, ta durƙusa. Ni ina jikin taga, ina jin su.

"Baba Malam, Allah ya gafarta maka, ina ga akwai tuntuɓen alƙalami a ta bakwai."

"Wane iri?"

"Ashirin ɗin gudun faɗuwa ne kawai. Dutsen yana da sha biyar ta gaba. In an haɗa su yadda ya kamata, ashirin da biyar ne."

Ya dube ta ta saman tabarau. "Habiba, shekara talatin ina koyar da tambayar nan. Ke ma a wurina kika koye ta."

"Haka ne, Baba Malam. A wurinka na koya."

"To je ki yi aikinki."

Ta koma ta zauna. Ta ɗauki takardar farko ta duba, ta zo ta bakwai, yarinyar ta rubuta ashirin da biyar, ta ba ta maki huɗu. Ta biyu ta rubuta ashirin, ta ba ta biyu saboda rabin hanyar da ta yi daidai. Haka ta yi ta yi har wajen ƙarfe goma sha ɗaya, lokacin da Malam Shitu ya zagayo yana ɗaukar takardun da aka gama don ya gani. Ya ɗauki uku daga gabanta, ya duba, ya ajiye. Wannan karon ba a waje aka yi maganar ba.

"Malama Habiba, wace takardar amsa kike bi?"

Ta miƙe tsaye. "Taka nake bi, ranka ya daɗe, ban da ta bakwai."

"Wa ya ba ki izinin zaɓa?"

"Babu. Amma ina roƙo a ba ni alli, minti biyu kawai."

Bai ce a ba ta ba, bai ce a hana ta ba. Ta je allo. Har mu masu Hausa muka ajiye biro. Ta ce ƙasa tana ƙara wa abin da ke faɗuwa gudun mita goma a kowane sakan, don haka dutsen zai yi sakan biyu kafin ya sauka, ya isa da gudun ashirin ta ƙasa. Wannan babu gardama. Amma ko sakinsa aka yi kawai, ba a jefa ba, da ashirin ɗin zai isa. Ta juyo ta ce, "In amsar ashirin ce, ina jifan ya tafi? Me ya sa ma aka gaya mana sha biyar a tambayar?" Sannan ta zana kibiyoyi biyu, ta ce tunda ɗaya gaba take ɗaya ƙasa, ba a tara su kai tsaye. Sha biyar sau sha biyar, ɗari biyu da ashirin da biyar. Ashirin sau ashirin, ɗari huɗu. Jimla ɗari shida da ashirin da biyar, wato ashirin da biyar sau ashirin da biyar. Ta rubuta 25, ta ajiye alli.

Ni da ban san fiziks ba na gane. Malaman fiziks takwas ne a wurin ban da ita, kuma na ga fuskokinsu. Wani Malam Ghali daga ɓangaren Bebeji ya gyaɗa kai, amma da ya ga Malam Shitu yana kallonsa sai ya sunkuya yana gyara takardu.

Malam Shitu ya ce, "Gudun faɗuwa tambayar take nufi."

"Ba haka aka rubuta ba, ranka ya daɗe. An ce gudun da zai bugi ƙasa da shi."

"Ni na rubuta ta. Na san abin da nake nufi."

"Yaran ba su san abin da ke zuciyarka ba, Baba Malam. Abin da ke takarda suka amsa."

Ya ce a karɓe takardun da ke gabanta a ba wani, a sake duba duk wanda ta duba. Aka miƙo mata takardar da kowane mai dubawa yake sa hannu cewa ya yarda da amsoshin. Ta karanta ta mayar. Ta ce ba za ta sa hannu ba. Ta ɗauki jakarta, ta je gabansa ta durƙusa ta yi masa sallama, bai amsa ba, ta fita ta hau motar Kwanar Dangora.

Da sakamako ya fito, 'yan ajinta ne suka fi shan kashi, don su kaɗai aka koya wa daidai. Yara shida daga makarantarmu suka rasa horon Bagauda da tazarar maki uku ko ƙasa da haka. Cikinsu har da Bahijja, wadda ta fi kowa ƙoƙari a ajin, 'yar wani mai gyaran famfo. Yarinyar ta zo ofis da takardarta a hannu, ba ta yi kuka ba, ta tsaya gaban teburin Habiba ta ce, "Malama, ni ce na yi kuskure ko su?"

"Su ne."

"To me ya sa aka soke?"

Habiba ta ce ta koma aji, za ta ji amsa gobe. Washegari a wajen taron safe, bayan an gama addu'a, ta fito da ƙaramin allo ta jingina shi a jikin sandar tuta. A gaban makaranta duka ta sake lissafin nan, ta ce duk wadda ta rubuta ashirin da biyar ita ce ta yi daidai, ko da takardarta ta dawo da jan layi, kuma kada wadda ta kuskura ta rubuta ashirin a babbar jarrabawa. Ba ta ambaci sunan kowa ba. Ba ta bukatar ta ambata.

Shugabar makarantarmu, Hajiya Tani, mace ce mai son zaman lafiya. Ta kira Habiba ofis, ta sa ni na zauna a matsayin shaida.

"Habiba, na tambayi ɗana da ke jami'a, ya ce ke ce da gaskiya. Ba wannan ce matsalar ba. Dattijon nan saura shekara biyu ya yi ritaya. Ki rubuta layi uku ki ba da haƙuri, ki ce kin yi gaggawa, a wuce wurin."

"Ranki ya daɗe, in na ce na yi gaggawa, yaran za su ce ashirin ce."

"Ba sai yaran sun ga takardar ba."

"Ni zan gan ta, Hajiya."

Bayan mako guda takardar tuhuma ta zo, ana neman ta bayyana dalilin da ya sa ta ƙi bin umarni ta kuma kunyata na gaba da ita. Amsarta shafi ɗaya ce. Ta yi gaisuwa, ta rubuta tambayar, ta rubuta lissafin, ta sa hannu.

Labari ya kai Yako. Buba ya aika aka kira ta. Ta ce ta tarar da shi a ƙarƙashin tsamiya yana tufka igiya, bai ɗago ba sai da ta gama gaisuwa.

"Mutumin da ya zo gidan nan sau uku saboda ke, shi kika tsaya wa a gaban jama'a?"

"Baffa, ban zage shi ba. Sai da na fara samunsa shi kaɗai."

"A kan me ma kuke gardamar?"

Ta ce, "Baffa, in kana kan bishiyar nan, ka saki sanda ta faɗa kan saniya, da in ka wurga mata ita, wacce za ta fi yi mata zafi?"

"Wadda na wurga mana."

"Takardarsa ta ce ɗaya ne. Ni na ce ba ɗaya ba ne. Shi ke nan."

Tsohon ya ci gaba da tufkarsa. Can ya ce, "Ko ma mene ne, ki je gidansa. Ba a barin babba da fushi."

Ta je. Malam Shitu ya karɓe ta a zaure, bai ce ta shiga ciki ba kamar da. Ta ce ta zo ta ba da haƙuri a kan ɓacin ran da ta sa shi. Sannan ta gaya masa abin da ya faru a kwaleji shekara goma sha biyu baya, da jan layin, da kibiyoyin nan biyu.

Ya ce, "Kin san wannan tun lokacin, kika yi shiru?"

"Na ji kunyarka, Baba Malam. Wannan laifina ne, na ɗauka. Da na faɗa tun tuni, da ba a zo nan ba."

"Sai kika jira taro."

"Ba taro na jira ba. Yanzu ne abin ya taɓa yarana."

Ya ce in tana so maganar ta mutu, ta rubuta abin da Hajiya Tani ta ce ta rubuta. Ta ce za ta rubuta haƙuri iri goma in yana so, amma ba za ta rubuta cewa ashirin ce ba. Ya ce to Allah ya kiyaye hanya.

A dogon hutun nan, lokacin da motar makarantu ta ɗebi 'yan mata talatin zuwa Bagauda, Habiba ta tara yaranta shida a ajin da ke ƙarshen makaranta. Kullum ƙarfe takwas zuwa azahar, mako huɗu cur. Ta karɓo jadawalin horon daga Malam Ghali, wanda ya turo mata ta waya ya roƙe ta kada ta ce shi ne. Abin da ake yi can da kayan gwaji, ita ta yi shi da zare da ƙusa da ruwan kwalba da agogon waya. A mako na uku takardar canjin wurin aiki ta same ta a cikin ajin. An mayar da ita wata ƙaramar makaranta a ƙasar Doguwa, can kusa da duwatsu, inda ba a taɓa samun malamin fiziks ba. Ta karanta, ta ninke, ta sa a cikin littafi, ta ce wa Bahijja ta ci gaba daga inda ta tsaya.

Mijinta tela ne a Kiru, bai iya barin shagonsa ba, don haka da 'ya'yanta biyu ta tafi, tana dawowa duk ƙarshen mako biyu. Yaran nan shida kuwa, biyar sun ci fiziks a babbar jarrabawa. Bahijja tana karatun aikin ɗakin gwaje-gwaje na asibiti a Kano yanzu. Ɗaya ce ba ta ci ba, Fiddausi, kuma har yau Habiba tana cewa da an kai ta Bagauda da ta ci.

Da shekara ta zagayo muka sake taruwa a Tudun Wada. Tambayar dutsen ta sake fitowa, wannan karon ita ce ta biyar. Na leƙa takardar amsoshi a teburin Malam Ghali. Ashirin da biyar, da rubutun hannun Malam Shitu, har da kibiyoyi biyu a gefe. Na ɗauki hotonta a waya.

Hajiya Tani ta ce tunda abu ya lafa, in na je Doguwa in gaya wa Habiba ta nemi dawowa, ita za ta tsaya mata. Na je wata Alhamis. Na tarar da ita a aji da 'yan mata goma sha ɗaya, rabinsu 'ya'yan makiyaya, tana yi musu bayani da Hausa tana sirkawa da Fulatanci. Da aka tashi na nuna mata hoton. Ta buɗa shi da yatsu ta daɗe tana kallo.

"Hannunsa ya fara rawa," in ji ta. "Lafiyarsa ƙalau kuwa?"

Na ce ƙalau, sai dai ya rame. Na isar da saƙon Hajiya. Ta ce in yi mata godiya, amma ba za ta bar goma sha ɗayan nan ba sai sun rubuta jarrabawa, ba su da wani malami.

Na ce, "To ai kin yi nasara, Habiba. An gyara."

"An gyara wa na bana. Takardun bara suna nan da jan layi."

Ta jawo aljihun tebur ta fito da ambulan. Ashe tun zuwanta Doguwa take rubuta wa kwamitin wasiƙa, tana neman a sake duba tambaya ta bakwai a takardun bara na makarantu taran, a mayar wa kowace yarinya makinta, a rubuta mata cewa ita ce ta yi daidai. Sau huɗu ta aika, ba a amsa ko ɗaya ba. Na ce yaran sun gama makaranta, makin ba zai yi musu komai ba yanzu. Ta ce ta sani. Ta liƙe ambulan ta biyar ta miƙo mini, ta ce tunda ta Tudun Wada zan bi, in kai da hannuna, in kuma tsaya sai sakataren kwamitin ya sa hannu cewa ya karɓa.

Na kai. Sakataren ya juya ambulan ɗin, ya ga sunan, ya ce, "Har yanzu matar nan?" Na ce har yanzu. Ya sa hannu.